Kafin ki zubar da tarkacen adaka, duba katunan nan



Uwargida, yaushe rabonki da buɗe tsohuwar adakar da ke ƙarƙashin gadon Hajiya? A watan jiya muka buɗe ta kakata domin rabon kaya. Can ƙasan zannuwa muka tarar da katunan wasiƙa masu hoto guda bakwai, irin waɗanda ake manna wa kan sarki a jefa a gidan waya ba tare da ambulan ba. Gara ta cinye biyu. Ƙanwata har ta haɗa sauran da shara, Allah Ya sa gwaggonmu ta ɗauki ɗaya, ta ƙura masa ido, ta ce, "Wannan ai kududdufin bayan gidanmu ne, nan muke ɗebo ruwan yaɓe." Yau shaguna ne a wurin, kuma cikin 'ya'yanmu babu wanda ya san an taɓa yin ruwa a can.

Birnin Kano yana sauya kama da sauri. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, yau a wurare da dama sai dai a nuna miki inda take a da. Ƙofofi irin su Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Mata an sake gina su da siminti domin motoci su samu hanya. Dalar gyaɗa ta tafi, sai a bakin dattawa. Babban Masallacin cikin gari da kike gani ginin farkon shekarun 1950 ne, na ƙasa ne a gabaninsa. Littafin tarihi zai ba ki sunan sarki da shekarar sarautarsa, amma faɗin lungu, da zanko a kan soro, da rumfunan Kasuwar Kurmi, da kayan da mai tallar fura ta ɗaura, sai a irin waɗannan hotuna.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, baƙi sun yi ta sayen katunan suna aika wa danginsu a Ingila da sauran ƙasashe. Wasu kuma sun maƙale a gidajen malaman makaranta, da ma'aikatan En'e, da 'yan kasuwa. Sai dai akwai gyara: baƙi aka buga wa su, don haka sau da yawa abin da aka rubuta a ƙasa bai wuce "wani titi a Kano" ba. Ba sunan unguwa, ba sunan mai gida. Wanda zai ce wannan Mandawari ce ko Yakasai ce, tsohuwar da ke ɗakinki ce, kuma ba kullum za ta kasance tare da mu ba.

Idan kin samu kati, ga yadda za ki kimanta shekarunsa. Fara da hatimin gidan waya, domin yakan nuna rana da shekara. In ya goge, dubi kan sarkin: hoton Sarauniya Elizabeth na nufin daga 1953 ne zuwa wajen samun 'yancin kai, hoton Sarkin Ingila kuma kafin nan ne. In kuɗin da ke jiki sule ne ko harafin "d", kafin 1973 ne, shekarar da naira ta shigo. In akwai motoci kuma suna tafiya ta hannun hagu, an ɗauki hoton kafin Afrilun 1972. Dutsen Dala ko Gwauron Dutse in sun fito a baya, za su nuna miki daga wane ɓangaren gari mai hoton ya tsaya.

Wajen adanawa, kada ki kai a liƙe shi da leda mai zafi, kada ki sa masa gam ko salatif. Saka kowanne a ambulan ɗinsa, nesa da danshi da rana. Ɗauki hotonsa gaba da baya da wayarki a wuri mai haske. Daga nan ki zauna da Hajiya ko Baba, ki kunna rikoda, ki bar su su yi bayani, ki rubuta sunan unguwar a jikin ambulan ɗin. Masu sayen kayan tarihi suna neman irinsu. Ko za a sayar, a bari sai an yi wannan tukuna.

Ranar hutu ki kai yara Gidan Makama su ga tsofaffin hotunan birni, ku biya ta marinar Ƙofar Mata, su gwada abin da ke kati da abin da ke gabansu. Ɗana da ya ga kududdufin nan, tambayarsa ta farko ita ce ina ruwan saman yake zuwa yanzu. Duk wadda lungunsu ke cika da damina ta san amsar.

Ke fa, me kika tarar a taku adakar? Faɗa mana a ƙasa, da sunan unguwar. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.