Rahoton gwaji ba wahayi ba ne

A Afrilun 2015 hukumar FBI ta Amurka ta amince cewa ƙwararrunta masu kwatanta gashi sun yi kuskure a shaidarsu cikin shari'u 257 daga 268 da aka sake dubawa. Wasu da abin ya shafa an riga an zartar musu da hukuncin kisa.

Idan haka ta faru a inda kayan aiki suka wadata, me za a ce da kotunan Yola? Mutumin da aka kama a Karewa bisa zargin kisa, fayil ɗinsa kan iso gaban alƙali da takardar likita mai layi kaɗan, sau da yawa ba a binciki gawar ba domin an gaggauta jana'iza. Lauyan wanda ake tuhuma, in ma yana da shi, sai ya ga hatimi ya yi shiru.

Alhali doka ta ba shi dama. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin yi wa shaidu tambayoyi, sashe na 55 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ba kotu ikon kiran jami'in da ya sa hannu a takardar. Sai a tambaye shi: wa ya ɗauki samfurin gwajin? A hannun wa ya kwana? Da wace na'ura aka gwada shi?

Wannan jarida na kira ga lauyoyin Adamawa su riƙa neman a kira mai rahoton, alƙalai kuma su amince.