Tarihinmu A Ƙunshin Ƙosai

Ranar nan na aiki yarinya ta sayo mini ƙosai. Ina buɗe ƙunshin sai na ga rubutun hannu, sunayen dagatan wani gari ne a jere, kowa da shekarun sarautarsa. Mai ya riga ya cinye rabi. Da na bi sawu, ashe littafin wani tsohon hedimasta ne da ya rasu, shekara da shekaru yana bin tsofaffi yana rubutawa. Matarsa ce ta ba mai ƙosai, wai tarkace ne, yana tara mata gara da kyankyaso.

Haba uwargida! Kwallayen jerenki kullum sai kin goge, amma wahalar maigida ta zama shara?

Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu tun 1864. Yaya aka yi waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa suka iso gare mu? Zuriyarta ce ta adana su a gidan Waziri a Sakkwato, har Waziri Junaidu ya buɗe wa Jean Boyd, wata Baturiya malamar makaranta, aka buga su a 1997. Da a hannun irinmu suka faɗa, wallahi da tuni an hura wuta da su.

Kar ki ce mini ba wurin ajiya. Ga Arewa House a Kaduna da aka kafa tun 1970, ga Gidan Ɗan Hausa a Kano. Ni dai shafi goma sha ɗaya na tarar ya rage, na karɓe, na ba mai ƙosai tsofaffin jaridu.