Binciken Ijaza Kafin Biyan Kuɗin Makaranta

Bayan haka, al'adar magabata ce a ƙasar Sakkwato, almajiri ba ya durƙusawa gaban malami da littafi sai ya san a wurin wa malamin ya karanta, wa kuma ya ba shi ijaza. To, yaron Sabon Gari da ya gama sakandare, ya ke nufin shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Farfaru, wadda Gwamnatin Jiha ta kafa a 2002, shi ma wannan bincike ya wajaba a kansa.

Ijazar wannan zamani tana hannun hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977, mazauninta Kaduna. Abin da jama'a da yawa su ka jahilta shi ne, hukumar ba ta yi wa makaranta shaida a dunƙule. Fanni-fanni ta ke bi, ta duba malamansa, da littattafansa, da kayan ɗakin gwaji, sa'an nan ta yarda da shi zuwa wani ajali. In ajali ya cika a sake dubawa. Watau a cikin makaranta guda ana iya samun fanni mai shaida, na kusa da shi kuwa tasa ta ƙare. Lalle ɗalibi ya tafi da ƙafarsa ya tambayi sunan fannin da ya ke so, ya kuma gwada amsar da jerin da hukumar ta ke bugawa. Kyan ƙofa da fenti ba hujja ba ne.

Dalilin tsanantawa kuwa tsawon hanya ne. Ƙaramar difloma shekara 2 ce, sai shekara 1 ta koyon aiki, kāna babbar difloma shekara 2. Wanda ya kwashe shekara 5 a fanni marar shaida, ko ya shiga ba ta hannun JAMB ba, zai iske ƙofar bautar ƙasa a rufe, alhali mahaifinsa ya riga ya sayar da hatsi ko tumaki. Haka kuma mai karatun yamma ko na ƙarshen mako, ba a kiransa bautar ƙasa, ko da fanninsa na da shaida. Wannan ba aibi ba ne ga ɗan kasuwa mai neman ilmi kurum, amma ya sani tun farko.

Game da kuɗi, na makaranta sau ɗaya a ke biya a shekara, na kabu-kabu daga Sabon Gari zuwa Farfaru kuwa kullum ne, ya kuma hau tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Sai a lissafa su tare. Rancen ɗalibai na NELFUND da aka soma a 2024 babu riba a cikinsa, wannan abin yabo ne. Amma bashi ne, ana biyansa bayan an gama karatu an sami abin yi.

Wanda kuwa koyarwa ya ke nufi, hukumar da ke duba takardar NCE dabam ce, sunanta NCCE, ita zai tambaya.