Sabon Tambari: A Faɗi Abin da Aka Ce, A Rufe Wanda Ya Ce



Kun tuna bayan girbin gero kwamiti ya aika da zane uku na sabon tambarin ƙungiyarmu zuwa ikilisiyoyin yankin Bichi, Tsanyawa da Kunchi, tare da takardar tambayoyi. An ce kowa ya rubuta ra'ayinsa, kada ya sa suna. Takardun sun dawo, gardama kuwa ta tashi. Waɗansu sun ce a kafe su duka a allon sanarwa kowa ya karanta. Waɗansu sun ce kwamiti ya faɗi zanen da ya ci, ya kulle takardun a akwati. A ganinmu, duka biyun kuskure ne.

Tambari ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Shi ne zai hau zanen zumuntar mata, da takardun da muke kai wa dagaci da hakimi, da allon ƙofar majami'a, a ƙauyukan da mai bi yake katanga ɗaya da maƙwabcinsa Musulmi, gona kuma iyaka ɗaya. Don haka wanda yake ganin gicciyen ya cika girma, da wanda yake ganin rage shi jin kunyar bishara ne, kowannensu daga zuciya ya yi magana. Ikilisiya tana da hakkin sanin cewa ra'ayoyin nan biyu suna cikinta.

Mu ɗauki darasi daga ƙasar Niyu Zilan, wadda ta nemi sake tutarta a 2015. Jama'a sun aika da zane fiye da 10,000, sai kwamitin mutum 12 ya tsamo huɗu. Uku cikin huɗun suna ɗauke da ganyen tsiro iri ɗaya, biyu kuma aikin mutum guda ne. Mutane suka yi ta gunaguni har majalisa ta ƙara zane na biyar. A ƙuri'ar Maris 2016, kusan kashi 57 cikin 100 suka zaɓi tsohuwar tuta. Idan ka tambayi mutane ra'ayinsu, sannan suka ga kamar 'yan kaɗan ne suka yanke musu, to, ba za su rungumi abin da ya fito ba.

Amma kafe takardun ma yana da nasa haɗari. A birni takarda marar suna tana iya ɓoye mai ita. A ƙauye ba haka ba ne. A ƙaramar ikilisiya, masu iya rubutu sanannu ne, wataƙila ma faston ne ya koya musu baƙi da wasali. Tsohuwar da ba ta iya ba, jikanta ne ya rubuta mata. Wa zai ga rubutun bai gane hannun ba? Ko faɗin cewa ikilisiya kaza ce ta ƙi zane kaza ya isa a nuna gida da yatsa. Mun yi alkawari, alkawari kuwa kaya ne. In muka karya shi a kan tambari, ranar da za mu yi tambaya a kan kuɗin baiko ko halin shugabanni, wa zai faɗa mana gaskiya?

Ga shawararmu. A ƙidaya takardun a gaban wakilan dattawa, da zumuntar mata, da matasa, a sanar da adadin da kowane zane ya samu. A tattara dalilan, har da waɗanda suka soki kwamiti, a buga su da na'ura ba tare da sunan ikilisiya ba, a karanta su bayan sujada domin waɗanda ba su iya karatu ba. Maganar da ta taɓa mutuncin wani a cire ta, amma a faɗa a fili cewa an cire, da dalilin cirewar. Daga nan a ƙone takardun.

Matasan da suka yi zanen kuwa, a fara zama da su kafin a karanta wa jama'a, a ƙarfafa su. Gyara ba raini ba ne. Michael Taiwo Akinkunmi yana ɗalibi a Landan ya zana tutar Nijeriya da jar rana a tsakiya. Alƙalan gasar suka cire ranar, tutar ta tashi ran 1 ga Oktoba 1960, har ya rasu a 2023 ana girmama shi dominta.

A Ayyukan Manzanni sura 6, da gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su danne shi ba. Sun tara masu bi, aka zaɓi mutum bakwai. An rubuta mana kukan, an rubuta maganinsa, amma ba a rubuta sunan ko ɗaya daga masu kukan ba. Bari kwamitinmu ya bi wannan sawu a zamansa mai zuwa.

Allah ya ba mu hikima, ya kiyaye zumuncinmu. Amin.