In Gemun Ɗan'uwanka Ya Kama Da Wuta, Shafa Wa Naka Ruwa

Yau na ajiye labarin soyayya a gefe, domin akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da gobara ta tashi a kasuwa, 'yan kwana-kwana suka iso suka karkata tiyo kan shagon da bai kama ba, sai ihu ya kaure: "An saye su! Shagon Alhaji suke karewa!" Wasu har da jifa. To ni na ce 'yan kwana-kwana ke da gaskiya, mu ne ba mu san halin wuta ba.

Jama'a, wuta ba sai ta taɓa abu take cin sa ba. Hucinta kaɗai yana ƙetare lungu ya gasa ƙyauren katako, ya fasa gilashi, har abu ya kama da kansa. Iskar hunturu kuma ta kwashi tartsatsi ta watsa kan rumfunan layin gaba. Shagon da wuta ta riga ta game, cike da atamfa ko katifu, ya tafi, sai dai Allah Ya mayar da alheri. Wanda za a iya ceta shi ne maƙwabcinsa, musamman na ɓangaren da iska ta dosa.

Mu yi lissafi. In mota ta ɗauko lita 4,000, tiyo yana fesa lita 400 a minti guda, cikin minti 10 tanki ya ƙafe. A zuba shi a tsakiyar wuta, ya zama tururi. A jiƙa bango da rufin maƙwabci da shi, a tsare layi sukutum. Wanne ne hankali?

Ba yau aka fara wannan gardama ba. A 1666 wuta ta tashi a gidan burodi a Landan. Aka ba magajin gari, Thomas Bloodworth, shawarar a rushe gidajen kusa don a yanke mata hanya, ya ƙi saboda masu gidajen ba sa nan. Ta ci gidaje kusan 13,200 da coci 87, ba ta lafa ba sai da iska ta kwanta aka kuma tarwatsa gidaje da albarushi. Mu ma a Kano mun gani: a watan Maris na 2016 dubban shaguna suka ƙone a kasuwar Sabon Gari. Wutar da ta ci dubbai, ai daga wuri guda ta faro.

Saboda haka mu daina neman laifi a hannun mai tiyo, mu dubi namu. Wa ya kafa teburi a hanyar mota? Wa ya haɗe rufi da rufi da tampol? Wa ya ajiye jarkar fetur kusa da janareta? In wuta ta tashi, a yanke lantarki, a janye fetur da tukunyar gas, a rufe ƙofofi da tagogin da ke fuskantarta, a sa matasa su lura da tartsatsi a kan rufi. In aka ce a ɓalle rumfarka don a bar fili, ɓalle ta da hannunka, Malam. Gara rumfa ɗaya da kasuwa duka.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.