Mota Da Mai Ita: Canja Birkin Tsohuwar Kombi Daga Ganga Zuwa Faifai

A wannan makon za mu duba wata tambaya da wani mai karatu ya aiko mana daga Kontagora, Jihar Neja. Ya ce ya gaji tsohuwar bas ƙirar Volkswagen, wadda aka fi sani da Kombi, ta shekarar 1969, yana ɗaukar masara da wake da fasinja da ita ranakun kasuwa. Injinta lafiya lau, amma birki ya zame masa ƙarfen ƙafa: in ya taka sai ta fizga gefe guda, in kuwa tafiya ta miƙa sai birkin ya yi sanyi. Kanikawa sun ba shi shawara ya cire gangar da ke ƙafafun gaba ya sa faifai irin na motocin zamani. Shi ne yake tambaya ko aikin zai yiwu, in kuma zai yiwu, ko ya cancanci kuɗin da zai ci.

Amsa a taƙaice ita ce zai yiwu, kuma aiki ne mai kyau in an yi shi duka. In rabi za a yi, gara a bar motar yadda Bature ya ƙera ta. Ga dalili.

Da farko ya kamata a san abin da birki ke yi. Mota mai gudu tana ɗauke da ƙarfi, aikin birki kuwa shi ne ya mai da wannan ƙarfin zafi ta hanyar guga. Alal misali, Kombi mai lodi, wadda nauyinta ya kai tan 2, in tana gudun kilomita 80 cikin sa'a aka tsai da ita cak, zafin da zai fito ya isa ya kai ruwa lita ɗaya da rabi ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi ake haifar da shi. In gudun kilomita 40 take yi, kashi ɗaya cikin huɗu na wannan zafin za a samu, domin duk sa'ad da aka ninka gudu sau biyu, aikin birki ya ninku sau huɗu. Sa'an nan da zarar an taka birki nauyin mota yakan rinjaya gaba, saboda haka ƙafafun gaba su ne ke ɗaukar mafi yawan wahalar, ko da a Kombi da injinta ke baya.

To, birkin ganga, wanda kanikawa ke kira duram, tukunya ce ta ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A cikinta akwai takalma biyu masu lanƙwasa, watau shu, waɗanda man birki ke turawa waje su gogi cikin tukunyar. Tun da yake a rufe take, zafi ba ya samun hanyar fita da sauri. Abin da ya fi muni shi ne, ƙarfe in ya ɗau zafi yakan buɗe, saboda haka gangar sai ta yi ta nisantar takalman, direba ya ga ƙafarsa tana ta nutsewa amma motar ba ta jin magana. Shi kuwa faifai a fili yake, iska na dukansa, wani maƙo da ake kira kalifa yana matse shi ta fuska biyu kamar awartaki. In ya ɗau zafi ya kumbura, matsowa yake yi kusa da abin da ke gugarsa. Wannan shi ne babban bambanci, sauran duk rassa ne.

Abin mamaki, su biyun kusan tagwaye ne. A shekarar 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da birkin ganga irin wanda muka sani, a wannan shekarar kuma Frederick Lanchester na Ingila ya yi rajistar nasa na faifai. Ganga ce ta ci kasuwa shekara hamsin, don ta fi araha kuma ta fi jure ƙurar hanyoyin wancan zamani. Faifai bai ɗaga kai ba sai a 1953, sa'ad da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi, kana a 1955 kamfanin Citroën ya sa shi a motarsa DS da ake sayar wa jama'a. Ita Kombi ƙirar Jamus ba ta samu faifai a gaba ba sai a samfurin 1971. Ta Brazil kuwa ta ci gaba da ganga har farkon shekarun 1980, kuma a can aka ƙera ta ƙarshe a 2013, domin dokar ƙasar ta wajabta jakar iska da birkin ABS daga 2014, tsohuwar kuwa ba ta da inda za a sa su. Wannan ya shafe mu, domin masana'antar Volkswagen da aka buɗe a Legas a 1975 ta haɗa motoci masu asali da Brazil, irin su Igala. Don haka kada mai Kombi ya dogara ga shekara kaɗai. Ya cire taya ya duba da idonsa, ya kuma san ƙasar da aka ƙera motarsa kafin ya sayi ko da noti ɗaya.

Akwai wata magana da ake yawan yi a tasha wadda ya kamata a gyara. Ana cewa faifai ya fi ganga kamu. A taki na farko, birki da sanyinsa, ganga mai lafiya tana iya daskarar da taya kamar yadda faifai zai yi, daga nan kuwa magana ta koma hannun taya da kwalta. Wanda ya sa faifai a kan sudaddiyar taya bai ƙara kome ba. Amfanin faifai yana fitowa ne a taki na biyar da na goma. Duk wanda ya san hanyoyin da suka haɗu a Kontagora, ko wadda ta taso daga Mokwa ta wuce Yawuri zuwa Sakkwato, ko ta Tegina, ko ta Rijau zuwa Zuru, ya san cewa inda kwalta ta fashe direba ba ya tafiya mai nisa bai taka birki ba: ga rami, ga shanu, ga shingen jami'an tsaro, ga tirela ta tsaya a tsakiyar hanya. Wannan taki a kai a kai, da lodin buhuna a baya, cikin zafin watan Afrilu, shi ke gasa ganga. Da damina kuma in mota ta ratsa ruwa, ganga takan riƙe ruwa da laka a cikinta, alhali faifai juyi kaɗan zai yi ya watsar. Na uku, ganga irin ta Kombi da hannu ake saita ta, in gefe ɗaya ya fi ɗaya matsewa sai motar ta fizga, wanda shi ne kukan mai wasiƙarmu. Faifai da kansa yake saita kansa.

Yanzu sai aikin kansa, kuma nan ne ake yin gyaran gangar Auzinawa. Hanya mafi aminci ga Kombin Jamus ta 1968 zuwa 1970 ita ce a samo kayan ƙafar gaba na samfurin 1971 ko na bayansa gaba ɗaya, watau sandar da taya ke juyawa a kanta, da hob, da faifai, da kalifa, domin ƙirar ƙafar iri ɗaya ce, ɗaurawa kawai za a yi. Irin wannan kaya sai an tona a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, kuma kullum ƙara wuya suke yi. Akwai kamfanoni a Jamus da Amurka da ke ƙera sababbin kayan canji musamman don tsofaffin Kombi, amma da kuɗin waje ake sayensu, mai jigilar masara kuwa ya san abin da wannan ke nufi.

Hanya ta uku ita ce wadda nake roƙon mai wasiƙarmu da duk wani mai mota ya guje mata ko da kyauta za a yi masa. Wasu kanikawa sukan samo kalifar wata mota dabam, a yanko ƙarfe, a kai wa mai walda ya liƙa a jikin ƙafa. A ido aikin yakan yi kyau. Amma duk ƙarfin tsai da tan 2 a kan wannan liƙin yake sauka, wutar walda kuma tana ɓata ƙarfin ƙarfen da aka gasa a masana'anta. Ba ranar da aka yi aikin yake tsagewa ba, sai ranar da aka fi bukatarsa, da mutum goma sha biyu a ciki. Kanikawanmu suna da basira, kowa ya shaida, da basirarsu motoci da yawa ke tafiya shekara arba'in bayan masu ƙera su sun manta da su. Amma wannan wuri ba wurin dabara ba ne.

Ko an samu kayan kirki, aiki bai ƙare a ƙafa ba. Ganga tana da wata baiwa: juyawarta tana jan takalmin ciki ya ƙara maƙewa, watau tana taimakon direba. Faifai ba shi da wannan, saboda haka in an sa shi ba tare da busta ba, watau tulun nan mai amfani da zuƙar inji don ƙara wa ƙafa ƙarfi, direba zai ji birkin ya yi tauri fiye da dā, har ya ce an cuce shi. Shi ya sa Volkswagen da ta kawo faifai ta haɗa da busta. Haka kuma masta, watau famfon da ke tura mai, dole ta dace. Mastar ganga takan riƙe ɗan matsi a cikin bututu ko an ɗaga ƙafa, don kada robobin ciki su saki. In aka bar wannan matsin a kan faifai sai ya yi ta guga ba hutawa, ya ɗau zafi, ya cinye fad, ya ƙara shan fetur. Kwalbar man ma ya kamata ta fi girma, domin yayin da fad ke cinyewa kalifa tana ƙara haɗiye mai. Sa'an nan akwai ɗan bawul da ke rage matsi zuwa ƙafafun baya. In babu shi, kuma motar ba lodi, baya na iya daskarewa kafin gaba, mota kuwa in bayanta ya riga gabanta daskarewa juyawa take yi ta kalli inda ta fito. Sa'ar da mai wasiƙarmu ya yi ita ce, Kombi tun daga samfurin 1968 tana da layin mai biyu, in ɗaya ya fashe ɗaya na nan. Mai tsohuwar da ta girme ta, mai gilashin gaba biyu, lalle ya fara da wannan kafin ya yi zancen faifai.

Ga wani abu kuma da ba a cika tunawa da shi ba sai an yi faci a daji. Rim ɗin Kombi kafin 1971 mai faɗin baki ne, notinsa biyar suna kan da'ira mai milimita 205. Daga 1971 aka mai da ita milimita 112. Wanda ya sa kayan 1971 a gaba ya bar baya yadda take, ya zama yana da rim iri biyu a mota ɗaya, safayarsa kuwa gefe ɗaya kaɗai za ta shiga. Ko dai ya canja na baya su ma, ko ya riƙa yawo da safaya biyu. In ba haka ba tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

A ganina, kafin mai wasiƙarmu ya kashe kuɗin da watakila ya kai rabin darajar motar, ya fara ba gangar haƙƙinta. Galibin birkin ganga da ake zagi ba a taɓa yi masa gyaran kirki ba. A auna gangar a ga ko ta cinye ta wuce iyaka ko ta daina zama da'ira, a sa takalma masu kyau a ƙafafun biyu rana ɗaya, a canja robobin da ke yoyo, a canja tiyon roba da ya tsufa, domin yakan kumbura ta ciki ya toshe ba a gani, kuma shi ma yana sa mota fizga. In za a share ƙurar cikin ganga a yi da jiƙaƙƙen tsumma, kada yaron gareji ya hura da baki ko da iskar famfo, don tsofaffin takalma suna da sinadarin asbestos mai lalata huhu. Sai man birki. Man nan yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. DOT 4 kuwa 230 ne, ya sauko 155. In mai ya tafasa ya zama tururi, ƙafa sai ta tafi ƙasa ba kome, ko ganga ce ko faifai. Bayan kowace shekara biyu a zubar da shi a sa sabo. Masu zuba ruwan sabulu a maimakonsa don a lallaɓa a isa gari kuwa, Allah ya shirye su, ya kuma tsare waɗanda suka biya kuɗin mota.

In an yi duk wannan, kuma aikin motar lodi ne mai nauyi da doguwar tafiya kullum, to canjin ya cancanta, a yi shi da cikakkun kaya a hannun bakanike wanda ya san Volkswagen. Mai mota ya tsaya a kan aikin. Ya tabbata an sa sabon boris, ya kuma duba cewa ɗan notin fitar da iska na kowace kalifa yana sama, domin in aka musanya ta hagu da ta dama notin yakan koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, sai a wuni ana famfo birki bai yi tauri ba. Ya juya sitiyari iyaka hagu da dama ya ga tiyo bai miƙe ba, bai kuma gogi taya ba.

Bayan an gama kada a wuce tasha kai tsaye. A sami hanya miƙaƙƙiya wadda ba jama'a, a yi gudun kilomita 50 a rage a hankali kamar sau goma don fad ya zauna a kan faifai, a bari ya huce, sa'an nan a gwada taki mai ƙarfi, da farko motar ba kome, daga baya da buhunan yashi gwargwadon lodin da ta saba ɗauka. In ta tsaya a miƙe, baya bai riga gaba ba, kuma bayan tafiyar kilomita kaɗan ba tare da taka birki ba rim ɗin gaba bai yi zafin da hannu ba zai taɓu ba, to a ɗauki fasinja.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake karanta shekarar taya a jikinta.