Darasin masu nutso ga masu shiga rijiya

Idan aka ɗauko zancen masu nutso cikin teku a nan Filinge, wani zai ce ina ruwan biri da gada. Ba mu da teku, kogin Kwara ma sai mun yi tafiyar kilomita wajen 180 zuwa Yamai. Amma akwai wata ɗabi'a tasu da nake ganin ta shafi kowane gida a ƙasar Kurfai, kuma ya kamata mu malamai mu kai ta aji.

Iskar da muke shaƙa gauraye ce: kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 azot, wadda wasu ke kira naitirojin. A ƙarƙashin ruwa, duk mita 10 da mutum ya ƙara nitsewa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Wannan dannewa ke tura azot cikin jini da tsoka. Idan mutum ya daɗe a ƙasa kuma ya taso da gaggawa, azot ɗin sai ya yi kumfa a jikinsa kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa.

Don haka aka haɗa wata iska mai suna naitiros, wadda aka ƙara mata oksijin zuwa kashi 32 ko 36, azot ya ragu. Hukumar NOAA ta Amurka ta buga ƙa'idojin amfani da ita a 1979, kuma a 1985 Dick Rutkowski ya fara koyar da ita ga masu nutso don shaƙatawa. Yau a wurare kamar Bahar Maliya a Masar ta zama ruwan dare. Amfaninta a fili yake: bisa jadawalin ƙungiyar PADI, a zurfin mita 18 mai iskar yau da kullum yana da minti 56, mai kashi 32 kuwa yana da minti 95.

Sai dai oksijin ɗin da ke rayar da mutum yana zama guba idan aka yi zurfi da yawa, ya sa shi jijjiga kamar mai farfaɗiya a cikin ruwa. Mai kashi 32 ba ya wuce mita 34. Shi ya sa dokarsu ta farko ita ce: kowa ya auna iskar tukunyarsa da kansa, ya rubuta adadin a jikinta, kafin ya taɓa ruwa. Ba a yarda da "ai an ce mai kyau ce".

To mu fa? A cikin kwarin Dallol Boso ruwa kusa yake, amma a kan tudu rijiya takan kai mita 30 ko fiye. Da rani ake yasa, ake ƙara zurfi, kuma sau da yawa matashi ake zurawa saboda ba shi da nauyi. Da idanu kawai ake leƙawa. Alhali a ƙasan rijiya iskar kabon dayoksaid, wadda ta fi iskar numfashi nauyi, takan taru ta kore oksijin. Idan kuma aka sauke injin jan ruwa a ciki, hayaƙinsa yana ɗauke da kabon monoksaid, gubar da ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum zai ji jiri, ƙafafu su saki, ya faɗi. Abin da ya fi ciwo shi ne ɗan'uwan da ke sama yakan faɗa ceto ba shiri, a wayi gari ana fitar da gawa biyu. Sai a ce rijiyar tana da iskoki. Tana da su kam, amma irin waɗanda ake aunawa.

Wani zai ce masu nutso suna da na'ura, mu ba mu da ita. Gaskiya ne, amma muna da fitilar ƙwai da igiya. A zura fitila mai ci har ƙasa. Idan ta mutu, kada kowa ya shiga. A ɗaura reshe mai ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sauya, a sake gwadawa. Fitila ba ta nuna gubar hayaƙi, saboda haka inji ya tsaya a waje, nesa da bakin rijiya. Ba a gwada ramin masai da wuta, domin iskarsa tana iya kamawa. Mai shiga ya ɗaura igiya a jiki, mutum biyu su riƙe ta a sama.

Ga malamai, darasin iska yana cikin manhajar kimiyya. Kyandir ɗaya da kofin gilashi sun isa: a kife kofin, yara su ƙirga daƙiƙa nawa wutar ta yi kafin ta mutu, sannan a tambaye su me zai sami mutum a ƙasan rijiya. A gayyato tsohon mahaƙin rijiya ya faɗa musu abin da ya gani.

Ga iyaye, kada ku bari a zura muku ɗa sai kun ga fitilar ta dawo tana ci. Kuma ku gaya wa yaranku tun yanzu: idan wani ya faɗi a rijiya, su yi ihu, su nemo manya da igiya, kada su bi shi.